Allurar da aka yi wa ido ɗaya, ido biyu suka amsa

A mako guda na ji maganganu biyu a kan abu ɗaya, kuma dukkansu sun ɓata mini rai.

Ta farko daga ɗan yayata ta fito. Ya turo mini wani ɗan bidiyo da daddare, ya biyo shi da saƙon murya, domin shekara huɗu ke nan rubutu ya daina yi masa sauƙi, tun da cutar Leber, wani ciwon gado da ke lalata jijiyar ido, ta kama shi. "Kawu, don Allah ka saurari wannan. Wai an gano maganin ciwona, allura ɗaya ce kawai." Na kalli bidiyon har ƙarshe. Wani mutum ne cikin farar riga yana shelar cewa masana sun kawo ƙarshen makantar gado. Bai faɗi mutum nawa aka gwada ba. Bai faɗi iya ganin da ya dawo musu ba.

Ta biyu daga bakin wani abokina likita. Da na ba shi labari, sai ya kaɗa hannu ya ce, "Rabu da wannan. Gwajin ya faɗi, kamfanin ma ya janye takardunsa. Kuɗi ne aka zuba a rijiya."

Ban yarda da ko ɗayansu ba. Maganin bai tabbata ba tukuna, kuma duk wanda ya ce wa mara lafiya ya tabbata, da zuciyarsa yake wasa. Amma abin da gwaje-gwajen suka nuna ya wuce a kaɗa masa hannu a wuce. Ra'ayina shi ne a sake gwajin yadda ya kamata, da rukunin mutanen da ba a sa wa maganin a ko wane ido ba, sannan kada a bar nauyin wannan aiki a wuyan ƙaramin kamfani guda.

Ciwon da ke bin tsatson uwa

Sunansa cutar Leber, a takardun asibiti kuma LHON. Likitan ido ɗan Jamus, Theodor Leber, ya bayyana shi tun 1871, amma sai a 1988 Douglas Wallace da abokan aikinsa a Amurka suka gano inda ɓarnar take. Cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu ƙananan injuna da ake kira mitokondiriya, su ke sarrafa abinci da iskar da muke shaƙa su ba jiki ƙarfin aiki. Injunan nan suna da nasu ɗan littafin gado, daban da babban littafin da ke cibiyar ƙwayar: haruffa 16,569, ƙwayoyin gado 37. Daga uwa kaɗai ake gadonsa. Harafi ɗaya tak da ya sauya a gurbi na 11778, cikin ƙwayar gadon da ake kira ND4, shi ne sanadin kusan kashi 70 cikin ɗari na masu wannan ciwo.

Shi ya sa likitan da ya gano ciwon yaronmu bai ɓata lokaci a kan dangin ubansa ba. Tambayarsa ita ce: akwai wani kawu ko ɗan inna da ya rasa gani yana matashi? Ni ma ina ɗauke da wannan harafi, tunda uwarmu ɗaya da mahaifiyarsa. Idona bai taɓu ba, kamar yadda yawancin masu ɗauke da shi ba sa taɓuwa, kuma 'ya'yana ba za su gada daga gare ni ba. Maza ciwon ya fi kamawa, galibi tsakanin shekara 15 zuwa 35.

Me ya sa ido? Jijiyar gani ta ƙunshi zaruruwa sama da miliyan ɗaya, kuma sashensu da ke cikin ido ba shi da rufi, kamar waya tsirara, don haka yana cin wuta sosai. Idan injunan suka gaza, siraran zaruruwan da ke ɗauke da ganin tsakiya su ke fara mutuwa.

Ɗan yayata yana ɗan shekara 19 abin ya same shi. Hazo ne ya fara zama a tsakiyar idon dama, babu ciwo, babu ja, babu hawaye. Ya ɗauka tabarau yake buƙata. Bayan kamar wata biyu na hagu ya bi sahu. Yau idan yana magana da kai, kafaɗarka yake kallo, domin da gefen ido yake tsinto fuskarka. Yana tafiya ba sanda tunda ganin gefe yana nan, har wasu su riƙa zaton yana ƙarya. Amma ka ba shi waya ka gani: zai kawo ta dab da kuncinsa, ya ƙara girman rubutun har kalma uku su cika fuskar wayar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Dabarar

Shigar da sabuwar ƙwayar gado cikin mitokondiriya kai tsaye abu ne mai wuyar gaske, saboda haka masu bincike suka bi ta zagaye. Sun sake rubuta lafiyayyen ND4 da irin rubutun da cibiyar ƙwayar halitta ke iya karantawa, suka maƙala masa adireshi, suka ɗura shi cikin wata ƙwayar bairas mai suna AAV wadda ba a san ta da sa ciwo ba, sannan a yi allurarsa cikin ruwan da ke cike da ƙwayar ido. Cibiyar ta sa a ƙera furotin, wato sinadarin da ND4 ke ɗauke da umarnin ƙerawa, adireshin ya kai shi cikin injin da ya lalace. Kamfanin GenSight na birnin Paris ya kira nasa Lumevoq. A Miami ta Amurka da Wuhan ta Sin ma an gwada makamancinsa.

"Gwajin ya faɗi"

Abokina bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya bayar.

A gwajin da ake kira REVERSAL an ɗauki mutum 37 da suka yi wata 6 zuwa 12 da rasa gani. Aka sa wa kowannensu maganin a ido ɗaya, ɗaya idon kuma aka danna masa sirinji marar tsini don kada mutum ya san wanne ne wanne. Tunanin mai kyau ne a takarda: ciwon ba shi da yawa, marasa lafiya sun yi kaɗan, to me zai hana kowane mutum ya zama ma'aunin kansa? Idon da aka yi wa magani ya inganta, ɗayan ya tsaya yadda yake, bambancin ya zama hujja.

Sai abin ya zo da yadda ba a zata ba. Bayan mako 96, idanun da aka yi wa allura sun ƙaru da kimanin haruffa 15 a allon gwajin gani. Idanun da ba a taɓa ba sun ƙaru da kimanin 13. Mutum 29 cikin 37 ganinsu ya inganta a ido biyun. Tunda sharaɗin cin nasara shi ne a ga bambanci tsakanin idanun, kuma bambancin bai fito ba, a hukumance gwajin ya faɗi. Haka ya faru da tagwayensa, RESCUE, mai mutum 39.

Daga nan fassara biyu ce. Ko dai maganin bai yi komai ba, idanun da kansu suka ɗan farfaɗo. Ko kuma maganin ya tsallaka zuwa ɗaya idon.

Ta biyun ba tatsuniya ba ce. An yi wa birai allurar a ido ɗaya, bayan wata uku aka samu burbushin gadon bairas ɗin a ɗaya idon da jijiyarsa, da kuma mahaɗar da jijiyoyin gani biyu ke gittawa a ƙasan ƙwaƙwalwa. An buga wannan tare da sakamakon REVERSAL a Disamban 2020. Masu binciken Wuhan ma sun ba da rahoton inganta a idon da ba su taɓa ba. Sannan abin da aka daɗe da sani game da masu harafin 11778 shi ne farfaɗowa da kai ba ta cika faruwa a manya ba. Waɗanda ke samunta tsiraru ne.

Ka ɗauka gonaki biyu ne maƙwabta, ka zuba wa ɗaya ruwa don ka ga ko ruwa na da amfani, ba ka san akwai ɓoyayyiyar hanya a ƙarƙashin kunyar da ta raba su ba. Duka biyun suka yi kore. Ba za ka iya rantsuwa cewa ruwanka ne ba, domin wataƙila raɓa ce ta sauka. Amma wauta ce ka ce ruwa ba ya aiki. Abin da ya lalace ma'aunin ne, kuma mai hankali ma'auni yake sakewa.

Wannan ne ya sa kalmar "ya faɗi" take min nauyi. Mutumin da ya ji ta a taƙaice zai ɗauka an gwada an ga ba komai. Abin da ya faru shi ne an yi tambaya ta hanyar da ba za ta iya ba da amsa ba.

"To, a ba mutane kawai mana"

Wannan ita ce maganar da ta fi min wuyar amsawa, domin daga bakin mutanen da nake ƙauna take fitowa. Yayata ta taɓa ce mini, "Kai da ka yi karatu, gaya mini, in akwai ko da ɗan fata ne, me ya sa ake riƙe shi?"

Ga abin da na gaya mata, kuma ban ji daɗin faɗarsa ba.

Mutumin da ya rasa ganin tsakiya yana koyon dabara da kansa. Cikin shekara ɗaya ko biyu yakan gano wane gefen ido ne ya fi yi masa aiki, ya ƙware a karkata kai, kuma wannan kaɗai na iya ƙara masa wasu haruffa a allo ba tare da jijiya ko ɗaya ta farfaɗo ba. Na gani da idona a yaronmu, wanda ba a taɓa yi wa wata allura ba. Wanda ke cikin gwaji kuma, ana auna shi akai-akai, ya saba da allon, yana cike da fata. Kwatanta shi da tsofaffin bayanan asibiti na mutanen da aka auna a wani zamani, ta wata hanya, ba ya cire shakka.

Gwaji na uku, REFLECT, mai mutum 98, bai toshe wannan ramin ba, domin kowa a cikinsa ya samu maganin a aƙalla ido ɗaya. A RESCUE, inda aka kama mutane cikin wata shida na farko, allurar ba ta hana ganinsu ci gaba da faɗuwa ba. Sai da ya kai ƙasa sannan ya fara ɗagowa. Masu binciken Miami kuwa, bayan sun gwada nasu a kan mutum 28, da bakinsu suka ce idan ma akwai tasiri, to ƙarami ne, kuma ƙara yawan maganin bai ƙara shi ba. Na girmama su da wannan gaskiyar. A Afrilun 2023 GenSight ya janye neman izinin da ya shigar gaban hukumar magunguna ta Turai, bayan ya fahimci kwamitin hukumar bai gamsu da hujjar ba.

Sannan mu san me haruffa 15 ke nufi. Layi uku ne a allo. Ga wanda ba ya ganin ko babban harafin sama, layi uku ba wasa ba ne: yana iya zama bambanci tsakanin gane fuskar mahaifiyarka daga bakin ƙofa da jiran sai ta yi magana. Amma mafi yawan waɗanda suka samu wannan ƙari har yanzu ganinsu mai rauni ne sosai, ba su koma tuƙi ba, ba su koma karanta jarida ba. Mai bidiyon nan da ya ce an kawo ƙarshen makanta, ko bai karanta ba, ko bai damu ba.

Allurar ma ba ruwan sha ba ce. Kumburin cikin ido ya samu da yawa daga waɗanda aka yi wa, ko da yake galibi mai sauƙi ne da ke jin magani. Wannan fanni kuma yana da tabonsa: a 1999 Jesse Gelsinger, ɗan shekara 18, ya mutu a wani gwajin gyaran gado a Amurka, kuma an ɗauki shekaru kafin mutane su sake amincewa. Hukumar da ta ce a kawo mata hujja ba abokiyar gabar mara lafiya ba ce.

Na san farashin abin da nake nema. Dole wasu su shiga gwaji su faɗa rukunin da ba za a sa wa maganin ba, alhali lokacinsu na ƙurewa, domin jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Ana iya rage zafin: a ba su duk kulawar da ake da ita, har da ƙwayar idebenone da Turai ta amince da ita tun 2015, a kuma yi musu alkawarin allurar da zarar an gama auna su. Duk da haka sadaukarwa ce, kuma dole a gaya musu haka baro-baro kafin su sa hannu. Idan ba a yi ba, shekara ashirin nan gaba iyalai za su ci gaba da sayar da abin da suka mallaka saboda allurar da ba wanda ya san ƙarfinta.

"Mutum nawa ne ma?"

Abokina likita a nan ya fi ƙarfi. A arewacin Turai, inda aka ƙirga, ciwon na kama kusan mutum ɗaya cikin 30,000 zuwa 50,000. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan ɗaya daga ciki da an iya karewa ko magancewa. Yanar ido kaɗai ta shafi kimanin miliyan 94, ga shi aikinta na 'yan mintoci ne. Ya ce, da wane ido za ka kalli waɗannan ka ce a kashe miliyoyi a kan tsiraru?

Na amsa cewa abin kunya ne tsoho ya zauna cikin duhu saboda yanar ido. Amma abin da ya hana shi aiki ba rashin ilmi ba ne, an san yadda ake yi tun da daɗewa. Likitoci ne suka yi kaɗan, da kayan aiki, da shugabannin da za su sa abin a gaba. Ko an rufe duk ɗakunan binciken mitokondiriya gobe, kuɗin ba zai koma wajensa ba.

Kuma darasin da ake koya a nan ba na masu cutar Leber kaɗai ba ne. Irin waɗannan ƙwayoyin jijiya ne ke mutuwa a gilakoma, ciwon da ke makantar da miliyoyi. Su ne maganin tarin fuka, ethambutol, ke iya lalatawa. Su ne suka gaza a Kuba tsakanin 1991 da 1993, lokacin da ƙarancin abinci mai gina jiki, haɗe da shan taba, ya taɓa jijiyoyin mutum kusan 50,000. Cutar Leber ita ce wurin da matsalar ta fito tsirara, harafi ɗaya, sanadi ɗaya, shi ya sa ta fi sauƙin nazari.

Batun tsada kuwa gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Luxturna, allurar gyaran gado da Amurka ta amince da ita a 2017 don wani ciwon ido na daban, an sa mata dala 850,000 na ido biyu. Da irin wannan farashi, yawancin masu cutar Leber a duniya ba za su ko ji ƙamshin magani ba. Wannan ne ma dalilina na cewa gwamnatoci da jami'o'i da gidauniyoyi su sa hannu a gwajin da ya rage. Ƙaramin kamfanin da ke fama da ƙarancin kuɗi da wahalar haɗa magani, dole ya nemi mayar da abin da ya kashe daga 'yan mutane ƙalilan. Gwajin Miami da kuɗin cibiyar binciken ido ta gwamnatin Amurka aka yi shi, don haka ba sabon abu nake nema ba. Wanda ya zuba kuɗi tun farko yana da bakin magana ranar yanke farashi.

Akwai masu jin tsoron cewa wannan shisshigi ne cikin halitta. Allurar nan a ido take aiki, ba ta canza abin da mutum zai gadar wa 'ya'yansa; mace da aka yi wa za ta ci gaba da gadar da harafin kamar da. Hanyar da ke taɓa zuri'a daban take, wato musanya mitokondiriyar ƙwan uwa da ta wata mace, wadda Birtaniya ta halatta a 2015, har likitocin Newcastle suka ba da rahoton haihuwar jarirai takwas a 2025. Wannan tana da tata muhawarar, kuma bai kamata a cakuɗa su ba.

Wani abu kuma da ba na iya yin shiru a kansa: tun ranar da aka ce ciwon ta wajen uwa yake zuwa, yayata ta fara ɗora wa kanta laifi, wasu ma suka taya ta. Ita ma gada ta yi, kamar yadda na gada, daga uwar da ba ta taɓa jin kalmar mitokondiriya ba. Duk likitan da zai yi wa iyali wannan bayani, ya haɗa da wannan jimlar.

Washegari na kira ɗan yayar tawa. Na gaya masa duk abin da na rubuta a nan, har da abin da ya fi ɗaci: gwaje-gwajen GenSight uku waɗanda ba su wuce shekara ɗaya da rasa gani ba suka ɗauka, shi kuma ya yi huɗu. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke.

Sai ya ce, "Na sani, Kawu. Ni ba kaina nake wa tambaya ba."

Yana da ƙane ɗan shekara 14, mai ido garau, mai ɗauke da harafi iri ɗaya. Abin da ke hannunmu a kansa yau kaɗan ne: kada ya kusanci taba ko hayaƙinta, kada ya kusanci giya, domin bincike ya nuna suna ƙara haɗarin tashin ciwon, taba musamman. Idan kuma wata safiya ya ce yana ganin hazo a tsakiyar ido ɗaya, ba za mu yi watanni muna sauya tabarau ba kamar yadda muka yi wa yayansa. A ranar za mu nemi likitan jijiyar ido, da takardar gwajin gadon iyali a hannu. Abin da nake so shi ne, in ranar ta zo, likitan ya iya gaya wa yayata ko allurar nan tana aiki, da kuma iya inda aikinta ya tsaya.